Kunnen Tarisha Ya Bushe

Shekara tara Jangala yana auren 'yata, ban taɓa yi masa magana ba, shi ma bai taɓa yi min ba. Haka dokarmu take tsakanin namiji da uwar matarsa: idan ya hango ni sai ya sake hanya. Ni kuwa ko a jikina, don dama ban ga abin da yarinyar nan ta gani a jikin dogon mutumin nan ba.

Ranar Asabar ɗin kowa ya tafi gasar ƙwallo, har da 'yar tawa. Unguwa ta rage daga ni sai shi, sai 'yarsu, jikata Tarisha mai shekara shida, sai karena Biskit. Ina cikin nishaɗi, domin kunnen Tarisha da ya yi wata biyar yana zubar da mugunya ya bushe ƙaf kwana uku da suka wuce. Ni na yi ta murɗa takarda mai laushi ina tsane shi safe da yamma, kuma babu wanda ban faɗa wa ba.

Ina gasa wutsiyar kangaru, naman dajinmu, sai na ji gyaran murya daga bayan tankin ruwa. Jangala ne, ya juya min ƙeya.

"Biskit," in ji shi da ƙarfi, "yarinyar nan fuskarta ta karkace."

Na kalli karen. "Biskit, ka gaya wa masu surutu gwalo take yi. Halin dangin ubanta ne."

"Biskit, mai gwalo ba ta barci da ido ɗaya a buɗe. Bayan kunnenta ya kumbura, jikinta kamar garwashi."

Na yar da wutsiyar a toka na shiga ɗaki. Tarisha ta yi min murmushi, rabin bakin ya tafi, rabin ya tsaya, yawu yana zuba ta gefe. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ina yarinya.

Mota ɗaya ta rage a unguwar, tsohuwar Toyota tawa mai buɗaɗɗen baya, shi kuma bai iya tuƙi ba. Ya hau baya rungume da yarinyar yana fuskantar ƙurar da muke bari, Biskit ya zauna a gaba kamar wani babban baƙo. Awa biyu muna tafiya.

"Biskit, a rage gudu, ramuka!"

"Biskit, wanda bai san birki ba ya ja bakinsa!"

Tarisha tana ta dariya da rabin baki.

A asibitin gari na fara yi wa nas bayanin yadda na busar da kunnen. Ta taɓa bayansa, ta daina murmushi.

"Nakamarra," ta kira sunana, "ba warkewa ya yi ba, toshewa ya yi. Mugunyar ta koma ciki, ta shiga ƙashi, ta danne jijiyar fuska. Daga nan sai ƙwaƙwalwa. Wa ya lura?"

Na ji kunya har tafin ƙafata. Na nuna ƙofa da leɓe, inda doguwar inuwarsa take.

Jirgin saman likitoci ya sauka da la'asar, babba ɗaya kawai za a ɗauka tare da yarinyar. Na riga na ɗaure jakata, amma na kwance.

"Biskit," na ce, "mai ido shi zai tafi. 'Yata ba ta yi zaɓen banza ba."

Jangala ya sunkuya ya shafa kan karen, ya wuce.

An yi wa Tarisha aiki a babban asibitin birnin Alice Springs a ranar. Sati uku ina zarya kantin gari ina jiran waya, har mai kantin ya ajiye min kujera. Rannan ya miƙo min wayar.

"Kaka, saurara! Likita ya ce idan na iya wannan, bakina ya dawo."

Sai ta yi fito, siriri, yana rawa. Ni da nake korar yara da takalmi idan suka yi min fito a gida, na tsaya a gaban layin masu sayen fulawa hawaye na zuba.

"Ban ji ba, 'yar nema," na ce. "Sake yi."