Italiyancin Lumturi Mai Wanki

Shekara goma sha ɗaya Lumturi mai wankin asibiti ta yi tana sauraron rediyon Italiya, kuma duk tsegumin unguwarmu ba wanda ya taɓa kama ta. Ko Sanije ta ƙasan bene, wadda kan san abin da maƙwabta suka dafa tun kafin su sauke tukunya, ba ta gano ba. A wancan zamanin a Albaniya, kama tashar ƙetare laifi ne mai kai mutum ƙauyen kan duwatsu. Ndoc tela, don kawai an ga sandar talabijin ɗinsa ta karkata wajen teku, aka loda shi da iyalinsa a babbar mota, aka cire ɗansa daga makaranta saura wata uku ya gama.

Ita Lumturi a kabad ɗin kicin take ajiye rediyonta, bayan kwalaben zaitun. In ta dawo hutun rana sai ta buɗe famfo, ta jefa albasa a mai don ƙararsu ta rufe muryar rediyon, ta cusa kai cikin kabad kamar mai neman gishiri. Waƙa ce ta fara janta. Shekarar farko ba abin da take ji sai ratata kamar ruwan sama a kan kwano. Sannu a hankali ta fara tsintar kalmar teku da iska daga bakin matar da ke karanta wa masunta labarin yanayi, sai tallar sabulu, sai wani shiri da mata ke bugo waya suna kai ƙarar surukansu. Wannan shirin shi ya gama da ita, don Lumturi ba ta iya jin ana gulma ta kasa sanin wa ake yi da shi.

Karatu kuwa mijinta Petrit ne ya jawo mata ba da saninsa ba. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma kayan injin da ke zuwa daga ƙetare da tsofaffin jaridun Italiya ake naɗe su. Yakan kawo mata don hura wuta. Sai ta goge su da dutsen guga, ta shimfiɗa su a ƙarƙashin kwanuka, ta karanta rabin labarin kisan kai, da yadda ake dafa taliya, da sanarwar mutuwar mutanen da ba ta sani ba. Ba ta da ƙamus, ba ta da malami. Abin da ba ta gane ba ta wuce shi, ya sake zuwa, ya sake zuwa, har ya gaji ya bayyana kansa. Amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa furtawa da bakinta ba.

A makon da abin ya faru, takardar 'yarta Teuta ta shiga jami'a tana kan teburin Kwamared Bashkim, mutumin jam'iyya mai mulki, mai kula da ma'aikatan tashar da iyalansu. Yarinya ta ci jarrabawa, amma ci ba ya kai mutum ko'ina sai Bashkim ya sa hannu cewa gidansu ba tabo. Ranar Asabar za a aika takardun babban birni.

Ranar Alhamis da hantsi, Lumturi ta shiga ɗakin marasa lafiya na ƙarshe ɗauke da zanin gado, ta tarar da baƙo. Ma'aikacin wani jirgin kaya ne na Italiya, mutum gajere mai faɗin ƙirji, sunansa Nunzio. Igiyar ƙarfe ce ta tsarge masa hannu kwana uku da suka wuce a tsakiyar teku, ciwon ya kumbura ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Likita Sokol ya duba shi, ya rubuta allura, aka kira shi ɗakin haihuwa ya tafi da gudu. Tafintan gwamnati kuma sai gobe zai iso. A bakin taga Kwamared Bashkim na zaune da littafinsa, don baƙo ba ya taka ƙasarmu sai da ido a kansa.

Feride, nas ɗin, ta zuƙo maganin a sirinji, fari kamar madara. Baƙon na ganin kwalbar ya zabura ya fara zuba magana.

"Fenisilin, eh, fenisilin," in ji Feride, don wannan kalmar kaɗai ta tsinta. "Ka ga ya san magani. Juya, bawan Allah."

Mutumin ya girgiza kai da ƙarfi, dama da hagu.

"To ai ka yarda, me kuma ya rage?"

Lumturi ta gane kuskuren. A wurinmu girgiza kai amincewa ce, amma ta daɗe da fahimtar cewa a ƙetaren teku ƙi ne. Kuma ba ta ma buƙatar kansa, don maganarsa na shigar mata kunne tiryan-tiryan, ta fi ta rediyo fita. Cewa yake lokacin da yake soja an taɓa yi masa wannan allurar, maƙogwaronsa ya toshe, ya yi baƙi, da ƙyar aka ceto shi, kuma likita ya ce in aka sake yi masa ba zai tashi ba.

"Ƙato da kai kana tsoron allura!" Feride ta leƙa ƙofa. "Ilir! Gani! Ku zo ku danne min wannan bijimin."

Masu tura gadon suka shigo suna dariya. Ilir ya kama ƙafafu, Gani ya danne kafaɗa.

Lumturi ta tsaya rungume da zanin gado. Ta dubi Bashkim, yana rubutu. Ta tuna babbar motar da ta zo wa Ndoc, da yadda matarsa ta fito da tukunya ɗaya a hannu. Ta tuna Teuta jiya tana gwada tsohuwar rigar sanyin uwarta a gaban madubi, wai a babban birni an fi nan sanyi. Ta ce a ranta: ke mai wanki ce, ajiye zanin ki fita. Wataƙila ƙarya likitansa ya yi masa. Wataƙila ba abin da zai same shi.

"Inna Lumturi, ko dai ke ma a yi miki ne? Matsa mana," in ji Feride.

Baƙon ya daina kokawa, don ƙarfinsa ya ƙare. Ya rage murya yana roƙo, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yana da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba. Alƙalamin Bashkim ya tsaya cak, shi Bashkim ɗin ya juya yana kallon teku ta taga. Feride ta goga auduga, ta ɗaga sirinji.

"Kada ki yi masa!"

Muryar ta fita da ƙarfi har ita kanta Lumturi ta tsorata.

"Me kika ce?"

"Allurar nan za ta kashe shi. An taɓa yi masa yana soja, maƙogwaronsa ya toshe. Likitansu ya ce in aka sake, shi ke nan."

Gani ya saki kafaɗar mutumin a hankali. Feride ta dubi sirinjin, ta dubi Lumturi, sannan idonta ya tafi wajen taga, inda idon kowa ya tafi.

"Kira likita," in ji Bashkim, bai ɗaga murya ba.

Likita Sokol ya zo yana tsane hannu. Da ya ji bayani bai tambayi komai game da ita ba, sai ya ce, "Tambaye shi ko ya san maganin da jikinsa ke karɓa."

Lumturi ta buɗe baki. Harshenta ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, amma kalmomin suka fito a jere, da irin muryar nan ta mai karanta wa masunta labarin yanayi. Nunzio ya zaro ido, ya amsa, ya kama hannunta mai kaushin sabulu ya manna a goshinsa. Ta faɗa wa likita sunan maganin, ta ƙwace hannunta.

Bashkim ya rufe littafi. "Kwamared Lumturi. Ofishina, ƙarfe huɗu."

Ba ta je gida hutun rana ba, don ba za ta iya kallon fuskar Teuta ba. Ta tsaya a ɗakin wanki tana cuɗa zanin da ya riga ya fita. Feride ta leƙo ta ajiye mata burodi da cuku.

"Inna, ni fa kurma ce tun haihuwa. Su Ilir ma sun ce iska ta hana su ji."

"Shi fa na bakin taga? Shi ma iskar ta hana shi?"

Feride ta juya ta fita.

Ƙarfe huɗu ta same shi yana buga takarda da yatsa biyu. Bai ce ta zauna ba. A gefen teburin ga tarin takardun ɗalibai, kuma ta uku daga sama ta gane kusurwarta, inda Petrit ya ɗiga mata gahawa ranar da suka cike ta.

"A ina kika koya?"

"Kakata ta yi wa Italiyawa aiki zamanin yaƙi, Kwamared."

"Kakarki ta mutu kina goye. Na duba." Ya zare takardar daga keken rubutu. "Kuma kakar wa ke magana kamar mai karanta labarai? Saurara, in kin ji daidai ne ki sa hannu."

Ya fara karantawa, kalma-kalma, kamar mai ƙirga ƙusoshi. Cewa a rana kaza, ma'aikaciya Lumturi, matar Petrit, uwar ɗaliba Teuta, ta nuna sanin harshen waje wanda ba makarantar gwamnati ce ta koya mata ba. Cewa ta fassara kalaman baƙon kamar haka: an yi masa allurar yana soja, maƙogwaronsa ya toshe, likita ya gargaɗe shi, yana da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

Ya miƙo mata alƙalami. Ta karɓa, har ta ɗora bakinsa a kan takardar. Sai ta tsaya. Macen da ta shekara goma sha ɗaya tana bin wa ya ce me a shirin surukai ba ta manta abin da ya fito daga bakin wa.

"Kwamared Bashkim, sake karanta min na ƙarshen."

"Ba ki da kunne ne?"

"Kunne kam ai shi ya kawo ni nan. Maganar 'ya'yan nan biyu. Ni ban faɗe ta ba."

"Kin faɗa."

"Na faɗi soja, na faɗi maƙogwaro, na faɗi likita. Feride na nan, Ilir na nan, Gani na nan. In mutanen babban birni suka zo za su tambaye su ɗaya-ɗaya, ko ba haka ake yi ba? Ba wanda ya ji zancen 'ya'ya da harshenmu." Ta ajiye alƙalamin a hankali. "Shi kaɗai ya faɗa. Da nasa harshen."

Wuyan Bashkim ya yi ja, jan ya hau har kunnuwa. Ya dubi ƙofa. Ya tashi ya leƙa, ya rufe ta, ya dawo ya zauna. Can waje jirgi ya yi kuka.

Yanzu tsoron Lumturi ya fara juyewa wani abu mai zafi. "Ashe kana ji. Tun farko kana ji, kana kallon teku, ana shirin kashe mutum."

"Rage murya, mace!" Ya share goshi. "Ni ma 'ya'ya mata gare ni. Uku. In ke aka kai ki duwatsu, ni ina kike zaton za a kai ni?"

"Me kake sauraro a rediyonsu?"

Ya sake duban ƙofa. "Ƙwallo," in ji shi, kamar mai faɗin sunan wata muguwar cuta. "Ranar Lahadi kawai. Daga baya... sauran ma."

Ya ɗauki rahoton ya yayyaga shi ƙanana, bai yarda da kwandon shara ba, ya zuba a aljihu. Ya sa sabuwar takarda ya buga layi uku: Likita Sokol, da ilimin da jam'iyya ta ba shi, ya lura cewa maganin bai dace da baƙon ba, ya sauya masa wani.

"Tafi," in ji shi.

Lumturi ba ta motsa ba. Ta kafe tarin takardun da ido.

"Sai Asabar ai."

"Yau Alhamis, Kwamared, kuma alƙalamin a buɗe yake. Kada tawada ta bushe."

Ya zaro ta uku daga sama, mai ɗigon gahawa. Ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska, ya buga. Bai dube ta ba, ita ma ba ta yi godiya ba.

Da yamma ta fara hawa matakalar gidansu. Nan Sanije ta buɗo ƙofa, hanci a gaba.

"Yaya Lumturi, lafiya? Yau ban ji ƙamshin albasarki da rana ba. Shekara da shekaru kullum albasa, kullum famfo a buɗe, na ce ko dai ba lafiya."

"Aiki ne ya riƙe ni, ƙanwata."

"An ce an kawo wani Ba'italiye asibitinku. Me yake cewa?"

Lumturi ta gyara ɗankwali, ta ci gaba da hawa.

"Wa ya sani? Ratata kawai yake yi, sai ka ce ruwa a kan kwano."