Ƙarshen Labarin Ɗan Jaki

Auta ce ta zaƙulo littafin daga ƙasan akwatin marigayiya Inna. Tsohon littafin hotuna ne, bangonsa ya sha ɗinki, labarin wani ɗan jaki da ya ɓace wa gida. Muka zauna tana bin baƙaƙen da yatsa, har jakin ya iso bakin gada ana tafka ruwa. Ta juya, babu shafin ƙarshe.

"Mama, ya koma gida?"

"Oho! Kawunki ya yage shafin ya yi jirgi da shi tun ban iya karatu ba. Shi kaɗai ya sani."

Bakina ne ya ja min. Ni da Yaya, kawun nata, ba ma ga-maciji tun rasuwar Inna. Yana can wani gari yana gyaran motocinsa, bai iso ba sai da aka binne ta. Na ce kada ya ƙara tako min gida, shi kuma da shegiyar zuciya ya riƙe maganar.

Auta ta kafe sai ta tambaye shi. Na ce waya dai ba zan kira ba, in ta matsu ta rubuta. Yarinyar da sai an yi dambe take riƙe fensir! Ai kuwa ta kwanta rub-da-ciki, harshe a waje, tana gogewa da yawu har takardar ta huje. "Kawu jaki ya koma gida ko a'a. Ni ce Auta." Ta zana jakin a ƙasa, kamar tebur mai kunnuwa. Na rubuta adireshi ina tsaki, muka kai gidan waya.

Kullum ta dawo daga makaranta sai ta tambaya. Ni ma jiran nake, wallahi. Ina kewar ɗan'uwana.

Da amsar ta zo, ambulan ɗin duk shatin baƙin mai ne. Ya yi rubutun manya-manya don ta iya karantawa. Ina guga ta tsaya a kaina, tana haɗa kalmomin da ƙyar:

"Jaki ya zo har ƙofar gida. Tsoron ƙwanƙwasawa yake. Tambayi Mama ko za a buɗe masa."

Ta ɗago. "Mama, za a buɗe?"

Na ajiye dutsen guga, na share ido da gefen zane.

"Ɗauko fensirinki. Ki ce wa jakin nan ya shigo, amma ya goge ƙafa."