Yanar Da Dogo Ya Jira

A tasharmu ta motocin Tsafe da ke Gusau, ba mai yi wa Dogo maganar ido ya kwashe lafiya. Shi ne mai karanto lambar mota tun daga nesa, mu sauran direbobi muna ta ƙifce-ƙifce. To wannan Dogon, abokina tun muna kwandastoci, shi ya shiga karya madubin gefe kamar an yi masa baki. Yau ya gogi mai babur, gobe ya shafi ƙofar tasha. In ka yi magana, ya ce su ne ke ɓullo masa kamar aljanu.

Na ce masa, "Dogo, wanga abu ba na lahiya ba ne. Ka tahi a duba ma idanu."

"Yanar ido ce, Bashar," in ji shi. "Irin ta Inna. Sai ta nuna aka cire ta. Mi za ni yi asibiti da ɗanyar yana?"

Ta wani gefen yana da hujja. Mahaifiyarsa ta yi yanar ido a Bungudu shekarun baya, aka ce ta jira ta nuna. Ta jira har tsakiyar idon ya koma fari fat, aka yi mata aiki, ta dawo gida tana zura zare a allura tana yi wa jikoki gori. Tun daga nan kowa a gidan ya zama likitan ido. Matarsa Lantana kan tsayar da shi a tsakar gida da safe, ta ɗaga fatar idon da yatsa, ta leƙa, ta ce tukuna, har yanzu baƙi ƙirin yake. Shi kuwa sai ya ɗau makulli ya fito da murnarsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, suna nan suna jira.

Ranar da ya kusa take wata mai tallar nono a bakin kasuwar Tsafe, shugaban tasha ya rantse Dogo ba zai sake lodi ba sai likita ya gan shi. Ni aka ce in raka shi. Ko a ranar bai yarda na ja motar ba.

Likitar, wata 'yar siririya mai suna Nusaiba, ta haska idon, ta auna, sannan ta ce ya kalli hancinta, ta riƙa kaɗa yatsu daga wajen kunnensa tana matsowa. Ni ina ganin yatsun sarai. Shi bai gan su ba sai da suka zo daf da gabansa.

Ta ce, "Malam, haske yana shiga ta baƙin ido, ya ratsa wani ɗan gilashi da ke ciki, ya sauka a bangon baya. Daga can wata jijiya ke kai hoton ƙwaƙwalwa. Ita yanar ido, gilashin ne ke dusashewa, shi kuwa ana cire shi a sa sabo. Naka gilashin garau yake. Ruwan cikin idon ne ba ya samun hanyar fita, yana ta matse jijiyar, tana mutuwa daga gefe zuwa tsakiya. Ba ciwo, ba fari. Shi ake kira hawan jinin ido."

"To a canza jijiyat mana," ya ce. "Ko wayar mota ta ƙone, canzawa akai."

"Ba a canza ta. Abin da ya tafi ya tafi. Idon dama saura kaɗan. Na hagu za mu riƙe abin da ya rage da maganin ɗigawa, kullum, muddin rai. Tuƙi kam ka gama shi. Da tun farkon abin ka zo, da ba mu kai nan ba."

Haushi ya kama ni. Na ji haushin Dogo da taurin kansa, na ji na Lantana da yatsanta, har tsohuwar da ta warke ba ta tsira ba, alhali ba ta yi laifin komai ba.

Da muka fito, ƙofar direba ya nufa ya buɗe. Ya tsaya riƙe da ita, can ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba, ya zagaya. Tun da ya sayi motar nan bai taɓa zama a wancan gefen ba. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya cusa su tsakanin gwiwoyi.

Na ja motar, muka ɗau hanyar gidansa a Bungudu. Mun yi nisa sai na ga ya juya gaba ɗaya, har da kafaɗa, ya fuskanci taga.

"Bashar, rage gudu."

Na rage.

"Ashe gero har ya hidda kai bana?"

Hanyar da yake bi ce safe da yamma, gonakin kuma na nan a bakin titi. Motocin baya suka yi ta danna mana oda. Na ƙyale su suka wuce.