Ƙeyar Maigidana

Shekara biyu maigidana da ƙanensa Auta ba sa ga-maciji, kuma a shagon aski ɗaya suke aiki. Almakashin marigayi babansu ne ya ɓata, kowannensu ya ce ɗan'uwansa ne ya ɗauke. Suka sa falanki a tsakiyar shagon, madubi ɗaya nan, ɗaya can. Abin bai ishe su ba, sai maigidana ya sayo bulo ya jibge a ƙofa, ya ce ranar Litinin magini zai zo ya tada bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in bangon nan ya tashi, zumuncin ya mutu ke nan.

Abin haushi, dukansu biyu ba sa fashin taron addu'ar ranar Laraba da yamma. Maigidana zai daki benci yana cewa, "Ubangiji, ka rushe shirin maƙiyi," yana satar kallon hagu. Auta ya amsa da "Amin" mai ƙarfi, yana satar kallon dama. Kowa a cocin ya san maƙiyin da ake nufi yana da kilifa da kujera mai juyawa.

A Larabar nan Baba Soja ne ya yi koyarwa. Dattijon coci ne, tsohon soja, kunnensa ɗaya ba ya ji, saboda haka ba a iya katse shi. Ya yi maganar yaƙin ruhaniya, ya lissafa kayan yaƙin mai bi: gaskiya ɗamara, adalci sulke a ƙirji, bangaskiya garkuwa, Maganar Allah takobi.

"Duk na gaba ne," in ji shi. "Me ke tsare baya? Ɗan'uwanka. Shi ya sa Iblis ba ya wahalar da kansa da garkuwarka. Sai ya raba ka da mai tsare maka baya, ya sa ka ɗauka shi ne abokin gabarka. Ba da mutum muke yaƙi ba, 'ya'yana."

Sai ya ce mu tashi bibbiyu, mu haɗa baya, kowa ya yi wa na bayansa addu'a da murya. Da kansa ya riƙa haɗa mutane. Ya kamo hannun maigidana, ya jawo Auta.

"Baba, ni da wani dai," in ji maigidana.

"Madalla, na gode," in ji Baba Soja, ya juya masa kunnen da ba ya ji, ya wuce.

Ina kusa da su, kuma ba zan ɓoye ba, addu'ata ta koma sauraro. Da farko sun sandare kamar ƙyauren ƙofa. Can Auta ya fara ƙasa-ƙasa: "Ya Yesu, ka tsare Yaya. Ƙafarsa tana kumbura in ya daɗe a tsaye, na gani ta ƙasan falanki." Maigidana ya yi gyaran murya har sau uku, sannan ya ce, "Ya Ubangiji, tarin nan na Auta, kullum ina jinsa. Ka warkar da shi. Ni kuma ka gafarta mini." Hawaye suka zubo mini.

Da aka ce Amin, Auta ne ya fara juyowa, idonsa ya sauka a kan ƙeyar yayansa. Ya yi tsaye yana kallo.

"Yaya, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Na sunkuyar da kai, don ni ce. Mai aski ba ya iya gyara ƙeyarsa, tun suna samari Auta ke yi masa. Da aka yi faɗa aikin ya dawo hannuna, ni kuwa tela ce, layina ya yi ta hawa da sauka.

"Matar yayanka ce," in ji maigidana.

"Shekara biyu kana yawo da wannan a gari, kana mai aski?"

Dariya ta ƙwace wa maigidana, har ya dafa kafaɗar Auta. Na kusa da mu suka ɗauka, Baba Soja ma, wanda ake zaton bai ji komai ba, ya fi kowa darawa.

Washegari da safe na kai musu ruwan sha, na tarar an cire falankin an jingine a waje. Ranar Litinin magini ya zo, suka sa shi ya gina wa masu jiran aski wurin zama da bulon. Almakashin har yau ba a gan shi ba, kuma ba mai tambaya. Amma abin da na gani a safiyar Alhamis ɗin nan ba zan manta ba: maigidana a kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya sunkuyar da kai ya rufe ido, Auta kuma yana tsaye a bayansa.