Kiran Fagerlin

Sau uku Torleiv ya ƙirga shanun a bakin garke, sau uku suna fitowa goma sha takwas. Fagerlin ce babu, tsohuwar saniyar marigayiya mahaifiyarsu. Ga ta da tsohon ciki, ga hazo ya rufe dutsen da suke kiwo a kai tun jiya da rana.

Ƙanwarsa Gunvor tana cikin bukkar kiwo tana yanka cuku a kan burodi. Mako shida da suka wuce ita ta tsaya wa Norway a gasar waƙa ta ƙasashen Turai, da waƙar da ta gina a kan kiran shanu na mahaifiyarsu. Ƙasa ashirin da shida suka shiga, ita ta zo ta ashirin da shida. Ta zauna gaban kyamara da 'yar tuta a hannu, tana murmushin dole, har aka gama rabon maki ba ƙasar da ta tuna da ita. Tun ranar ko a wurin wanke-wanke ba ta sake rera komai ba.

Torleiv ya leƙo. "Fito ki kira ta."

"Kunna mata waƙar a waya mana, Yaya. Tana nan a banza, ba mai so."

"Na kunna jiya a bakin rafi, na ƙure ƙara. Ko kunne babu wadda ta ɗaga." Ya zuba kofi a tsaye. "Su ma dai ba su ba ki maki ba."

Torleiv ba mugu ba ne, bakinsa ne bai san hanyar zagaye ba. Gunvor ta ajiye wuƙar.

"Faɗi sauran mana. Tun da na dawo yake cin ka."

"Abin da kika yi a talabijin ba kiran Mama ba ne. An wanke shi, an goge, an fesa masa turare. Ni da na ji shi shekara talatin ban gane shi ba, balle saniya."

Ba ta yi musu ba, don ta riga shi sani. Masu shirya waƙar sun ce ƙarshen kiran yana soke kunne, a sassauta, ta sassauta. Sun ce a ƙara ganguna, ta yarda. Kunyar da ta hana ta barci ba ta zuwa ƙarshe ba ce. Da a ce da abin kanta ta faɗi, da da sauƙi, amma ta ɗauki abin uwarta ta rage masa ƙarfi don baƙi su so shi, kuma baƙin ba su so ba.

"Idan Fagerlin ta haihu ita kaɗai a wannan sanyin, ba za mu same su da rai ba," in ji Torleiv, a hankali wannan karon.

Gunvor ta sa takalman roba na mahaifiyarsu, waɗanda har yanzu suke bayan ƙofa, ta hau faffaɗan dutsen da ake tsayawa a yi kira. Da ta buɗe baki, kiran talabijin ne ya fito, mai santsi, ya mutu tun bai kai rafi ba. Ta ji kamar ta sauko ta koma ciki.

Sai ta rufe ido ta sake. Wannan karon ta bar muryar ta hau inda aka hana ta, siririya, mai kaifi, marar daɗi, har maƙogwaronta ya yi zafi. Kiran ya bugi dutsen da ke tsallake ya dawo. Shanun garke duka suka ɗaga kai.

Sun daɗe suna jira kafin su ji ƙararrawar wuyan saniya can ƙasa cikin hazo. Fagerlin ta fito tana ɗingishi, jiƙe sharkaf, amma tana sauri irin wanda ta shekara biyu ba ta yi ba.

Gunvor ta sauko ta miƙa mata hannu. Saniyar ta shinshina takalman, ta wuce ta. Ta zagaya dutsen, ta leƙa ƙofar bukka, ta dawo ta tsaya tana kuka ƙasa-ƙasa, tana duban ko'ina.

Torleiv ya cire hularsa.

"Ba ke take nema ba," ya ce. "Kiran Mama ta ji."