Masu Tsintar Kashin Shanu

"Juya da motar nan, Hamidou," in ji Yaya Yacouba ta waya. "Ka ji ni ko?"

Hamidou bai juya ba, bai kuma ƙara gudu ba. Sun kusa filin jirgin sama na JFK. 'Yarsa Zeinabou tana gefensa, ta rungume jaka. Fasfo ɗinta yana aljihunsa tun safe. Ya karɓa ne wai don kada ya ɓata, amma shi ya san dalili. Jami'arta ce za ta tura ta duwatsun Nepal wata shida, ta riƙa duba kashin wasu shanu masu gashi har ƙasa, wai su yak, don a gano nawa ne ke ɗauke da tsutsar ciki. Kwana uku ke nan abinci ya ƙi shiga masa. An ce can ko numfashi da ƙyar ake yi.

"Mun baro bin shanu a Tawa, mun ƙetare teku," Yacouba ya ci gaba, "ita kuma da digirinta za ta hau dutse tsintar kashi. A masallaci me zan ce wa mutane?"

Zeinabou ta buɗe baki za ta amsa da Turanci. Uban ya ɗaga mata hannu.

"Yaya, shanun Baba nawa ne suka mutu shekarar da ruwa ya kwanta a fadama?"

Hamidou ya ba da amsar da kansa.

"Talatin da biyu. Ni na riƙe ƙafa, kai ka farke cikin. Hantar duk tsutsa. Da a lokacin akwai mai tsintar kashi ko ɗaya a garinmu, da yau ba taksi nake ja ba. Wannan za ka ce musu."

Ya kashe wayar.

A ƙofar shiga ya sauke mata akwati, ya tsaya yana gyara zif ɗin da ba abin da ya same shi. Mai gadi yana ta yi masa alama ya janye motar.

"Baba, fasfo," ta ce da Hausarta mai ɗingishi.

Sai ya sa babban yatsa ya ja fatar idonta ta ƙasa, ya leƙa, kamar yadda ubansa ke yi wa kowace saniya kafin tafiya mai nisa. In fari ne, akwai tsutsa, ba ta zuwa ko'ina.

"Ja ne," ya ce. Ya zaro fasfon ya danƙa mata. "Shanun can ma haka za ki duba su."