Kazar Mama Dorothy a Motar Amarya

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne Ndagi, tela a Barkin Sale. Da matarsa Rabi'atu. Da ƙanensa Suleiman, wanda zai yi aure. Da Mama Dorothy, mai gidan da suke haya. Da Nana Khadija, gwaggon amarya. Akwai kuma wata kaza, amma ita ba ta da suna.

Ndagi yana da tsohuwar mota wadda ba ta fita sai ranar sha'ani, saboda tsadar fetur. A kowane biki akan tura ta can baya, a loda mata tukwane, domin rediyonta bai fi kukan sauro ba. Da aka sa ranar auren Suleiman, sai Ndagi ya ɗaura aniya cewa wannan karon motarsa ce za ta ɗauki amarya, ta ja gaba.

Ya sayo katako mai kauri da gam da ƙusoshi, ya zauna a tsakar gida yana harhaɗa akwatin babbar sifika, irin wadda samari ke kira wufa. Ya yanke babban rami inda sifikar za ta zauna, da ƙarami a gefe domin fitar iska. Ya farke matashin Rabi'atu ya shimfiɗa audugar a ciki.

"Maigida, ni kuma in ɗora kaina a ina?"

"Ki ɗora a kan haƙuri. Aikin injiniya ake yi."

Ya ɗaure akwatin a but ɗin mota, ya sa gam ta yadda ko aljani ba zai ciro shi ba. Sannan ya bar but ɗin a buɗe domin wari ya fita, yana jiran sifika daga Kaduna. Sifika ta yi nawa, ɗinkin biki kuma ya sha masa kai.

Ranar jajibirin biki ta iso. Ndagi ya zura hannu a ramin akwati, sai aka sare shi a yatsa. Ashe kazar Mama Dorothy ta sami auduga, ta zuba ƙwai, har ta yi nisa da kwanci.

"Mama, ki zo ki ɗauke kazarki!"

Mama Dorothy ta leƙa, ta yi murmushi. "Ɗana, kaza mai kwanci ba a taɓa ta. In ka tashe ta, ta bar ƙwan ke nan. Kai da ita duk 'yan haya ne, kuma ita ba ta taɓa yi mini surutu ba."

Ya roƙa, ya yi alkawarin saya wa kazar kwando, ta ƙi. Iyakar abin da ta yarda da shi, mota za ta fita da kaza a ciki, amma babu kiɗa, babu gudu, ita kuma za ta zauna a gaba ta sa ido.

Washegari da suka isa gidan amarya a Shango, Suleiman ya dube su ya kama kai. "Yaya, ina wufar da ka cika mana kunne da ita? Koma baya, ga tukwane can."

Amma Nana Khadija, wadda amarya ba ta shiga mota sai da izininta, ta daɗe tana kallon yadda motocin samari ke shigowa da ƙara kamar hadari. Ta nuna ta Ndagi da sanda.

"Waccan mai natsuwa, wadda ta zo kamar mai tsoron taka ƙasa. Ita za mu shiga."

Haka Ndagi ya ja gaba, motoci na bin sa suna ta oda, masu tallan gyaɗa suna wuce shi da ƙafa. Kusa da gadar Chanchaga taya ta faɗa rami, kaza ta fusata ta yi kuka. Kukan ya zagaya cikin akwati, ya fito ta ƙaramin ramin da kauri kamar na bajimi, har gilashi ya yi rawa. Amarya ta zabura, Nana Khadija ta kama salati.

Ndagi kuwa hawayen murna ya cika masa ido. Ya juyo ya ce, "Kun ji ko? Wannan fa kaza ce kawai. Ina ga an sa sifika!"

"Dubi hanya," in ji Mama Dorothy.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan. Wanda ya ga inda alƙalamina ya karkace, ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, ya taimaka ya daidaita mini.